Kwamfutar da Ba Ta San Ka Ba: Yadda Ake Sa Ƙaramar Manhaja Ta Riƙa Gina Kanta da Gwada Kanta

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja tare da wani ya ji wannan maganar: "Ai a kwamfutata tana aiki." Kuma galibi mai faɗin haka gaskiya yake faɗa. Tana aiki a wurinsa domin kwamfutarsa ta san shi. Akwai laburaren, wato shirin wasu da manhajar ke aro, da ya saka wata takwas da suka wuce har ya manta da shi, akwai fayil ɗin saiti da ke zaune a foldarsa bai taɓa shiga Git, mai adana fayilolin aiki da tarihin sauyinsu, ba, ga kuma sigar harshen Python da ta sha bamban da ta abokin aikinsa. Manhajar ta jingina da waɗannan duka, amma babu inda aka rubuta hakan. Ranar da aka ɗauke ta zuwa wata kwamfutar sai ta zube.

Tsarin da masu sana'ar ke kira continuous integration, CI a taƙaice, maganin wannan ciwon ne. Duk lokacin da wani ya tura sauyi zuwa ma'ajiyar aikin, sai a tayar da wata kwamfuta fayau, wadda ba ta taɓa ganin aikin ba, ta kwaso fayilolin, ta saka kayan da ake bukata, ta gina manhajar, ta gudanar da gwaje-gwaje, ta ba da amsa: kore ko ja. Daga nan a rushe ta. Amfaninta duka yana cikin rashin saninta da kai. Abin da ba ka rubuta ba, ba za ta yi maka shi don kunya ba.

Tunanin ya daɗe. Kent Beck da abokan aikinsa sun yayata shi a ƙarshen shekarun 1990, kayan yin aikin suka biyo baya: CruiseControl ya fito a 2001, Hudson na Kohsuke Kawaguchi ya koma Jenkins a 2011 bayan saɓani da kamfanin Oracle, Travis CI ya bayyana a wannan shekarar, sannan GitHub Actions, na shafin ajiye manhajoji GitHub, ya buɗe wa kowa a Nuwamban 2019. A da sai ka tanadi sabar ka riƙa kula da ita. Yanzu fayil ɗaya mai layi ashirin ya wadatar, kuma ga mai aiki da data ta saye da batirin laftof, wani sauƙi ne babba: saukar da kayan da ginin duk a injin GitHub ake yi, kai abin da ka kashe shi ne 'yan kilobait na turawa.

Sai dai sauƙin kafawar ya haifar da wata matsala. Ma'ajiyoyi da yawa suna da alamar kore wadda ba ta nufin komai, domin an kafa tsarin ta yadda ba zai taɓa yin ja ba. Wannan shi ne ainihin abin lura a duk maganar da ke tafe.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: ƙaramar manhajar Python da ke fitar da rasit da lissafin cinikin yini na wani shago, mutum biyu ko uku ke rubuta ta, tana kan GitHub.

Umarni ɗaya tukuna

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da fayil ɗin GitHub. Kafin a je can, a tabbatar akwai umarni ɗaya da mutum zai buga a kwamfutarsa ya yi aikin gaba ɗaya. Tsohon kayan aikin nan make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976, har yau yana biyan wannan bukatar. A tushen aikin a ajiye fayil mai suna Makefile:

```
.PHONY: shirya duba gwada gina

shirya:
	python -m pip install -r requirements.txt

duba:
	ruff check .

gwada:
	pytest -q

gina:
	python -m build
```

`shirya` yana saka laburaren da ake bukata, `duba` yana sa ruff ya nemi kurakurai a rubutun manhajar, `gwada` yana sa pytest ya gudanar da gwaje-gwaje, `gina` yana fitar da ƙunshin manhajar. Dalilin yin haka biyu ne. Na farko, idan gwaji ya faɗi a can, kana iya maimaita shi a gabanka da `make gwada`, maimakon ka yi ta tura sauyi goma kana jiran minti uku-uku don ganin ko ya gyaru. Na biyu, masu ba da injin suna sauya ra'ayi. A ƙarshen 2020 Travis CI ya taƙaita aikin kyauta da yake yi wa manhajoji na buɗe, dubban ayyuka suka yi ƙaura. Waɗanda suka zuba duk hikimar gininsu cikin fayil ɗin Travis sun sha wahalar sake rubutawa, waɗanda fayil ɗinsu ke kiran `make` kawai kuwa aikin rabin sa'a ne.

Make yana da tarkuna uku da ya kamata a sani. Layin umarni dole ya fara da alamar tab. Idan editanka ya mayar da ita fili huɗu, za ka ga saƙon `missing separator`. Kowane layi kuma a sabuwar harsashin umarni (shell, shirin da ke karɓar umarni ya gudanar) yake gudana, don haka `cd src` a layi ɗaya ba ya shafar layin da ke biye, sai an haɗa su da `&&`. Na uku shi ne mafi haɗari. Asalin aikin make kwatanta lokutan fayiloli ne, saboda haka idan akwai folda mai suna `gwada` a aikin kuma ba a sa layin `.PHONY` ba, zai ce komai ya riga ya kammala, ya fita lafiya lau ba tare da ya gwada ko ɗaya ba. An yi ba a yi ba ke nan, kuma alamar za ta fito kore.

Lamba ɗaya ce take magana

Injin ba ya karanta rubutun da ke fita a allo. Abin da yake dubawa shi ne lambar da kowane umarni ke mayarwa idan ya gama: sifili na nufin nasara, duk wata lamba na nufin an samu matsala. Kore da ja daga nan suke fitowa, ba daga wani wuri ba. Duk abin da ya haɗiye wannan lambar ya kashe tsarin.

Hanyoyin haɗiye ta suna da yawa. Wani zai rubuta `pytest | tee sakamako.txt` don ya adana rahoto. A harsashin bash, lambar da bututu (alamar `|` mai haɗa umarni biyu) ke mayarwa ta umarnin ƙarshe ce, wato ta `tee`, kuma `tee` kusan kullum nasara yake yi. Gwaji hamsin za su faɗi, alamar ta fito kore. A GitHub Actions akwai wani bambanci da mutane da dama ba su lura da shi ba: idan ba ka ambaci harsashi ba, ana gudanar da umarninka da `bash -e` kawai, amma idan ka rubuta `shell: bash` da hannunka, sai a ƙara `pipefail`, wanda ke sa faɗuwar kowane ɓangare na bututun ta bayyana. Wani kuma gwaji ya dame shi sai ya liƙa `|| true` a ƙarshen layi, ko ya sa `continue-on-error: true`, da niyyar zai dawo ya gyara gobe. Wannan kitso da kwarkwata ne, kuma goben ba ta cika zuwa ba.

Akwai wata da ta shafe mu kai tsaye. Pytest yana tattara fayilolin da sunansu ya fara da `test_` ko ya ƙare da `_test.py`, kuma a cikinsu yana gudanar da ayyukan da sunansu ya fara da `test`. Mai son sa wa gwaje-gwajensa sunan Hausa, idan ya rubuta `def gwada_jimla()`, pytest zai wuce shi shiru kamar babu shi. Idan babu gwaji ko ɗaya da aka samu, zai fita da lamba 5, a gane da wuri. Amma idan akwai guda uku masu sunan da ya dace da guda ashirin marasa shi, ukun za su wuce, rahoto ya yi kyau. A rubuta `test_jimlar_rasit`, kuma a riƙa duba adadin gwajin da aka ce an gudanar.

Saboda haka ranar da aka kafa tsarin, aikin farko shi ne a karya shi da gangan. A buɗe reshe, wato kwafin aikin na gefe a Git, a sauya alamar tarawa zuwa ta ɗebewa a lissafin jimla, a tura, a zauna a ga ja da ido. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mai gwajin ma yana bukatar a gwada shi.

Fayil ɗin GitHub, layi bayan layi

Ana ajiye shi a `.github/workflows/gwaji.yml`:

```
name: gwaji
on:
  push:
    branches: [main]
  pull_request:
permissions:
  contents: read
jobs:
  gwaji:
    runs-on: ubuntu-24.04
    timeout-minutes: 10
    steps:
      - uses: actions/checkout@v4
      - uses: actions/setup-python@v5
        with:
          python-version: "3.12"
          cache: pip
      - run: make shirya
      - run: make duba gwada gina
```

An taƙaita `push` ga babban reshe ne don kada kowane sauyi ya gudana sau biyu, ɗaya don turawa ɗaya don bukatar haɗewa (pull request, neman a haɗe reshe da babban reshe). An sa sigar Python cikin alamar zance domin YAML, tsarin rubutun fayil ɗin, yana ɗaukar 3.10 a matsayin lamba, ya yar da sifilin, injin ya tafi neman Python 3.1. An rubuta `ubuntu-24.04` a maimakon `ubuntu-latest` domin ma'anar na biyun tana sauyawa ba da saninka ba. Tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025 ta tashi daga 22.04 zuwa 24.04, wasu kayan da aka saba samu a injin suka ɓace, ayyukan da ba a taɓa su ba suka wayi gari ja. Ƙayyade siga ba ya hana ƙaura, tunda GitHub na janye tsofaffin injina kamar yadda ya yi wa 20.04 a 2025, amma kai za ka zaɓi ranar tashi.

Layin `timeout-minutes` kuɗi ne. Idan ba a sa shi ba, aikin da ya maƙale zai ci gaba har minti 360. Ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa ba ta biyan komai, amma ta sirri a asusun kyauta minti 2,000 take da su a wata, don haka maƙalewa ɗaya ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar. A yi lissafi tun farko: aikin minti uku, turawa goma a yini, kwana 22 na aiki, minti 660 ke nan. Idan aka ce a gwada a sigogin Python uku, ya koma 1,980, wata ya ƙare. Injin Windows ya fi na Linux tsada, na macOS kuwa ya ninka sau da yawa. Manhajar shago da ke gudana a siga ɗaya ba ta bukatar a gwada ta a uku. Wannan na masu rubuta laburaren da jama'a za su ɗauka ne.

Abubuwan da makon farko ke tonowa

Kusan kowane aiki yana faɗuwa a gudun farko, kuma faɗuwar alheri ce, domin kowacce tana nuna wani abu da ke ɓoye. Fayil ɗin da `.gitignore` ya hana shiga. Laburaren da ba ya cikin `requirements.txt`. Hoton `Tambari.png` da aka rubuta `tambari.png`: Windows da macOS ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami wajen buɗe fayil, Linux kuwa yana bambantawa. Rubutun bash da aka adana a Windows da ƙarshen layi irin nasa, sai ka ga `bad interpreter` da wata alama `^M` a gefe, maganinsa layi ɗaya ne a `.gitattributes`, wato `*.sh text eol=lf`. Idan kuma aka ce `Permission denied` a kan rubutun, izinin gudanarwa ne bai shiga Git ba, a gyara da `git update-index --chmod=+x`.

Biyu daga cikin matsalolin sun cancanci a tsaya a kansu, domin manhajar da za ta yi aiki a Kano ko Damagaram ba za ta kauce musu ba.

Ta farko baƙaƙenmu masu lanƙwasa ne. Idan aka buɗe fayil a Python ba a faɗi tsarin rubutun ba, Linux zai ɗauki UTF-8, amma Windows na Ingilishi ya daɗe yana ɗaukar cp1252, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ ko alamar ₦ a cikinsa. Wajen rubutawa manhajar za ta faɗi da `UnicodeEncodeError`. Wajen karantawa kuwa sau da yawa ba za ta faɗi ba, sai dai rasit ya fito da "Æ™osai" a wurin ƙosai, "É—an wake" a wurin ɗan wake. Lura da cewa a nan injin gwajin ne zai ruɗe ka, shi Linux ne, komai zai wuce, alhali kwamfutar shagon Windows ce. A rubuta `encoding="utf-8"` a duk inda aka buɗe fayil, a cusa kalmomi masu lanƙwasa da alamar naira cikin bayanan gwaji, kuma idan masu amfani da manhajar a Windows suke, a ware aiki ɗaya na Windows ko da sau ɗaya ne a mako. Tun daga siga 3.10, sa `PYTHONWARNDEFAULTENCODING=1` yana sa Python ya yi gargaɗi a duk wurin da aka manta.

Ta biyu agogo ne. Injin GitHub a kan UTC, agogon duniya, yake, Najeriya da Nijar suna gaba da sa'a ɗaya. Daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya a wurinmu, mu mun shiga sabuwar rana, injin yana jiya. Gwajin da ke kwatanta "cinikin yau" da `date.today()` zai wuce sa'o'i 23 a yini, ya faɗi a sa'a ɗaya, kuma wanda ya zo dubawa da safe ba zai ga komai ba. Gyaran na gaskiya shi ne kada aikin lissafi ya tambayi agogo da kansa. A miƙa masa lokacin daga waje, gwaji ya ba shi tsayayyen lokaci, ya kuma gwada wuraren da ake tuntuɓe: 23:59, 31 ga Janairu idan aka ƙara wata ɗaya, 29 ga Fabrairun 2024. Wajen yankin lokaci a yi amfani da `zoneinfo` da `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey`, a tuna kuma a Windows sai an saka ƙunshin `tzdata` kafin ya yi aiki.

Tunda maganar kuɗi ake, gwajin jimla zai tona wani abu: a lissafin kwamfuta 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004. Kada a sassauta gwajin don ya wuce. A ajiye kuɗi a kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da `Decimal`.

Kayan aro

Ƙaramar manhaja ma tana tsaye ne a kan laburare masu yawa na wasu mutane, kowanne kuma yana da nasa da ya aro. Idan `requirements.txt` ya ce `reportlab` kawai babu siga, ginin yau da na jibi ba abu ɗaya ba ne. A Maris na 2016 wani marubuci ya janye ƙunshinsa daga npm, rumbun laburaren JavaScript, cikinsu har da left-pad mai layi goma sha ɗaya, ginin dubban ayyuka ya tsaya a yini ɗaya, har da manya irin su Babel. Daga baya npm ya tsaurara dokar janyewa, amma sabuwar sigar da ke karya tsohon aiki kullum ana fitar da ita.

Abin yi shi ne fayil ɗin kulle, wanda ke rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi har da na can ƙasa. A Python ana samar da shi da `pip-compile` ko uv ko Poetry. A Node, wato ɓangaren JavaScript, `package-lock.json` ne, kuma a injin gwaji `npm ci` ake bugawa, domin shi yana ƙin aiki idan kullen bai dace da `package.json` ba, `npm install` kuwa gyara shi yake yi shiru. Kayan gwajin su ma a kulle su. Sabuwar sigar ruff mai sabuwar doka tana iya mayar da aiki ja ba tare da an taɓa layi ɗaya ba.

Kulle yana da nasa illar, wato tsufa. Shekara biyu ba a sabunta ba, ranar da ramin tsaro ya tilasta sabuntawa sai abubuwa goma su karye lokaci guda. Dependabot na GitHub yana buɗe bukatar haɗewa ga kowace sabuwar siga, gwaje-gwajen su yanke hukunci. A nan ne wahalar rubuta gwaji ke biyan kanta.

Ma'ajin wucin gadi, wanda layin `cache: pip` ya kunna, yana rage lokacin saukarwa, amma a sani cewa ƙwaƙwalwa ce aka ba injin da muke so don rashin ƙwaƙwalwarsa. Muddin makullin ma'ajin yana bin abin da ke cikin fayil ɗin kulle, babu laifi. Wanda ya adana foldar `venv`, inda ake saka laburaren aikin, ɗungurungum da makulli tsayayye, ya dawo da ciwon "a kwamfutata tana aiki", domin laburaren da aka cire daga jerin zai ci gaba da zama a ma'ajin. GitHub na share abin da ba a taɓa ba kwana bakwai, don haka irin wannan aikin yakan faɗi ne bayan hutun sallah, kowa ya rasa dalili. Yana da kyau a sa gudu ɗaya na mako-mako da `schedule` wanda ba ya amfani da ma'ajin. Lokacinsa a UTC ake rubutawa, kuma a ma'ajiyar buɗe GitHub na kashe shi idan aka yi kwana 60 babu motsi.

A gwada abin da aka gina

Ga wani gibi da Makefile ɗin sama ya bari. Pytest ya gwada fayilolin da ke cikin foldar aiki, amma abin da za a kai shago ƙunshin da `python -m build` ya fitar ne. Idan samfurin rasit na HTML ko fayil ɗin tambari bai shiga ƙunshin ba, domin ba a ambace shi a `pyproject.toml` ba, gwaji zai wuce, ginin zai wuce, manhajar ta faɗi a hannun mai shago. A ƙara mataki na ƙarshe: a buɗe sabon `venv`, a saka fayil ɗin `.whl` da aka gina, a koma wata folda dabam, a sa manhajar ta fitar da rasit ɗaya. Daƙiƙa ashirin ne. Ajiye fayilolin manhajar a ƙarƙashin foldar `src` yana taimakawa, domin yana hana Python ɗauko su daga inda kake tsaye bisa kuskure.

Haka nan rumbun bayanai. Idan PostgreSQL ake amfani da shi a wurin aiki, kada a gwada da SQLite don sauƙi. SQLite yana karɓar rubutu a gurbin lamba, kuma ba ya tilasta alaƙar tebur da tebur sai an kunna `PRAGMA foreign_keys`. Sashen `services` na GitHub Actions yana tayar da PostgreSQL na gaske a gefen aikin.

Gwaji mai baki biyu

Babu abin da ke kashe amana kamar gwajin da ke wucewa yau ya faɗi gobe ba a sauya komai ba. Karon farko ana bincike. Karo na biyar sai a danna maɓallin sake gudu. Bayan wata biyu kowa ya koyi cewa ja ba ya nufin komai, ranar da ja na gaskiya ya zo shi ma sake gudu za a danna har ya wuce ko a haɗe shi haka nan.

Tushensa ba ya wuce 'yan abubuwa. Agogo, kamar yadda aka gani. Gwajin da ke kiran intanet na gaske, misali sabar kamfanin biyan kuɗi ko na tura saƙon tes, wanda ya kamata a maye gurbinsa da na kwaikwayo. `sleep(2)` da aka sa ana jiran wani abu ya gama, alhali injin haya wani lokacin ya fi laftof ɗinka nauyin jiki, abin da ya dace a jira sharaɗin da kansa tare da iyakar lokaci. Sai kuma gwajin da ya dogara da abin da na gabansa ya bari a rumbun bayanai ko a fayil. Wannan na ƙarshen ana kama shi da `pytest-randomly`, wanda ke hargitsa jerin gwaje-gwajen a kowane gudu, yana kuma buga lambar da ya yi amfani da ita don a iya maimaita jerin da ya faɗi. Fayilolin wucin gadi a bar wa `tmp_path`, kowane gwaji da foldarsa.

Idan ba za a iya gyara shi yau ba, a cire shi daga layi a bayyane, da alamar `skip` da dalili a rubuce da wanda zai gyara. Kayan aikin da ke maimaita gwaji sau uku har ya wuce ban ga amfaninsu ga ƙaramin aiki ba, domin wani lokacin ba gwajin ne ke da laifi ba, manhajar ce ke da kuskuren da ke fitowa sau ɗaya a goma, kuma mai shago zai gamu da shi.

Sauri ma yana cikin amana. Tsohuwar ƙa'idar su Kent Beck minti goma ce, ƙaramin aiki kuwa bai kamata ya wuce uku zuwa biyar ba. A sa mai sauri a gaba, ruff yana gamawa cikin daƙiƙa, kuma `pytest --durations=10` zai nuna gwaje-gwaje goma mafi cin lokaci.

Makullai

Injin gwaji wuri ne da shirye-shiryen wasu ke gudana kusa da sirrinka. Kowane layin `uses` shirin wani ne ka ba izini. A Maris na 2025 aka kutsa cikin tj-actions/changed-files, wanda ma'ajiyoyi fiye da 23,000 ke amfani da shi, aka karkatar da alamun sigoginsa zuwa wani mugun sauyi da ke zazzage sirrika cikin rahoton gini. GitHub na rufe sirri da taurari idan ya gan shi a rahoto, amma harafi da harafi yake nema, su kuwa sun sauya masa kama sau biyu da base64, wata hanyar mayar da rubutu wasu haruffa. Waɗanda suka ƙulla aikin da cikakkiyar lambar sauyi mai harafi 40 ta wata siga mai tsabta, maimakon alama irin `@v45`, abin bai same su ba, domin alama ana iya matsar da ita, lambar sauyi kuwa ba a iyawa. A 2021 ma an yi makamancin haka da rubutun Codecov da mutane ke saukowa su gudanar kai tsaye.

Don haka a rage yawan kayan waje, abin da layin bash uku zai yi kada a aro masa shiri. Layin `contents: read` ya hana aikin rubuta komai a ma'ajiyar. Aikin gwaji ba ya bukatar makullin sabar ko na biyan kuɗi, a raba aikin fitarwa daban, ya gudana a babban reshe kaɗai. GitHub ba ya ba bukatar haɗewa daga baƙo sirri, kuma da gangan ne. Wanda ya koma `pull_request_target` don ya kauce wa wannan, sannan ya gudanar da shirin baƙon, ya miƙa masa makullan gidan. Mai fitar da ƙunshi zuwa PyPI, rumbun laburaren Python, kuwa, tun 2023 akwai tsarin amintaccen mai wallafa, wanda ba ya bukatar ajiye makulli ko kaɗan.

Saura ƙofar ƙarshe, wato hana haɗe abin da ya yi ja. A saitin ma'ajiya ana kare babban reshe, a ce sai gwajin ya wuce. Ga ma'ajiyar buɗe kyauta ne, ta sirri kuwa sai asusun biya, inda babu shi sai yarjejeniya tsakanin abokan aiki: idan babban reshe ya yi ja, gyaransa ne aikin kowa kafin komai. Kariyar da sunan aiki take tafiya, saboda haka wanda ya sauya sunan `gwaji` zuwa wani abu bai sabunta saitin ba, bukatun haɗewa za su tsaya suna jiran amsar da ba za ta zo ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne akasin haka. Aikin da aka tsallake, GitHub na lissafa shi a matsayin wanda bai hana haɗewa ba. A ce an raba aikin biyu, `gina` yana jiran `gwada` ta hanyar `needs`, kuma `gina` kaɗai aka wajabta. Idan `gwada` ya faɗi, za a tsallake `gina`, ƙofa ta buɗe. Ko dai a wajabta su duka biyun, ko a ƙara aiki na ƙarshe mai `if: always()` da zai duba sakamakon kowanne ya fita da lamba 1 idan ɗaya bai yi nasara ba, a wajabta shi. Bayan an gama saitin, a sake buɗe reshen nan da aka sauya tarawa zuwa ɗebewa, a tura shi, a tabbatar maɓallin haɗewa ya ƙi dannuwa.